William Herschel, makaɗin da ya auna hasken da ido ba ya gani

A shekarar 1800, lokacin da Alƙalawa ke matsayin babban birnin Gobir, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma yana karantarwa a Degel, wani dattijo mai shekara 61 a garin Slough na Ingila ya ajiye ma'aunin zafi a kan tebur, a wani wuri da babu hasken da ido ke iya gani. Bayan 'yan mintuna sai ma'aunin ya hau.

Wannan ɗan gwaji shi ne mafarin wani babban reshe na ilmin taurari, wanda a yau ya tattara matsayi da ƙarfin hasken ɗaruruwan miliyoyin abubuwa a sararin samaniya, waɗanda da yawansu ɗan Adam ba zai taɓa ganinsu da ƙwayar idonsa ba.

Sunan dattijon William Herschel. Bai yi jami'a ba, kuma sai da ya haura shekara 30 kafin ya fara duban taurari da gaske.

Daga Hanover zuwa Bath

An haife shi ranar 15 ga watan Nuwamba na 1738 a birnin Hanover da ke cikin Jamus ta yanzu. Mahaifinsa, Isaak, mai busa ne a rukunin makaɗan sojan Hanover, shi ma ɗan ya shiga rukunin yana da shekara 14.

A 1757 sojojin Faransa suka fatattaki na Hanover a fagen daga na Hastenbeck. A ƙarshen wannan shekara Herschel ya tsallaka Ingila, wadda a lokacin sarki ɗaya ke mulkinta tare da Hanover.

Ya isa Landan hannu rabbana. Ya ci abinci da kwafar takardun kiɗa, ya yi yawon koyarwa a garuruwan arewacin Ingila, har a 1766 ya sami aikin kiɗa a wata majami'a a Bath, garin da masu hannu da shuni ke zuwa shaƙatawa.

A nan ne littattafan lissafin sauti suka kai shi ga littattafan ilmin haske, su kuma suka kai shi ga taurari. Da ya ga madubin hangen nesa mai kyau ya fi ƙarfin aljihunsa, sai ya ƙudura niyyar ƙera nasa.

Gida ya zama maƙera

A 1772 ya koma Hanover ya ɗauko ƙanwarsa Caroline, wadda zazzaɓi mai tsanani ya tsumburar tun tana shekara goma, mahaifiyarsu kuma ta ajiye ta a aikin gida. Ta zo ne domin ta koyi waƙa, amma ta tarar gidan yayanta yana rikiɗewa zuwa maƙera.

Madubin wancan zamani da gaurayen tagulla da kuza ake zuba shi, a cikin mazubin da ake yi da dakakken kashin doki. Bayan zubi sai guga, wadda ba ta son a ɗaga hannu. Akwai lokacin da Herschel ya shafe sa'a 16 yana guga, Caroline na sa masa abinci a baki.

A 1781 tukunyar narka ta tsage, narkakken ƙarfe ya malala a daɓen dutse, duwatsun suka yi ta fashewa suna tashi sama. Da ƙyar mutanen ɗakin suka tsira.

Sai dai wahalar ta biya. Madubansa sun fi na manyan cibiyoyin duban taurari na Ingila kyau, kuma da su ya shiga wani aiki da ba kowa ke da haƙurinsa ba, wato bin taurarin sama ɗaya bayan ɗaya yana dubawa.

A daren 13 ga watan Maris na 1781, daga bayan gidansa, ya ci karo da wani abu da bai yi kama da tauraro ba. Ya zaci tauraro mai wutsiya ne. Da masu lissafi suka bi tafiyarsa, sai ta tabbata wata duniya ce mai kewaya rana, can bayan Zuhal. Ita ce ta farko da aka gano tun zamanin mutanen da, kuma ita ake kira Uranus.

Shekara ta zagayo, Sarki George na Uku ya yanka masa fam 200 a shekara. Herschel ya ajiye kiɗa, ya koma kusa da fadar Windsor, daga bisani a 1786 ya zauna a Slough.

Sharar sama

Tsara jerin taurari tsohon aiki ne, kuma malaman Musulmi sun yi fice a cikinsa. Wajen shekarar 964 Abdurrahman al-Sufi ya rubuta littafi a kan taurari, inda ya ba da matsayin kowanne da gwargwadon haskensa. A ƙarni na 15 cibiyar Ulugh Beg ta Samarƙand ta auna taurari 1,018.

Dukkansu da ido suka yi aiki. Abin da Herschel ya ƙara shi ne babban madubi da kuma tsari.

Daga 1783 ya fara abin da ya kira shara. Yakan kafa madubinsa mai tsawon ƙafa 20 yana fuskantar kudu, ya bar juyawar duniya ta riƙa kawo masa sama yanki-yanki, wani ma'aikaci yana ɗaga na'urar yana saukewa.

Shi yana can bisa tsani a cikin duhu, domin ko ɗan hasken fitila zai ɓata masa gani. Caroline kuwa tana zaune bakin taga da agogo da alƙalami. Duk abin da ya gani sai ya ɗaga murya ya faɗa, ita kuma ta rubuta lokaci, da matsayi, da ko abin mai haske ne, ko dishi-dishi, ko kuwa da ƙyar ake ganinsa. Da gari ya waye ta zauna ta yi lissafi ta kwafe.

Aikin na da haɗari. A daren ƙarshe na 1783 Caroline ta zame a kan dusar ƙanƙara, wata ƙugiya ta ƙarfe ta soke ta a ƙafa.

Kafin su fara, jerin da Bafaranshe Charles Messier ya wallafa na gajimaren sama da curin taurari bai wuce ɗari da 'yan kai ba. Su kuwa sun fitar da 1,000 a 1786, da wasu 1,000 a 1789, da 500 a 1802. Herschel ya kuma lissafa tagwayen taurari fiye da 800, sannan daga 1796 ya fara wallafa jerin da ke kwatanta hasken kowane tauraro da na maƙwabtansa, domin na baya su gane idan wani ya ƙaru ko ya dushe.

A 1787 sarki ya yanka wa Caroline fam 50 a shekara, abin da ba a saba yi wa mace ba a fagen kimiyya. Ita da kanta ta gano taurari masu wutsiya guda takwas.

Bayan ja

Rana ce ta kai shi ga babban bincikensa. Yana neman gilashi mai duhu da zai kare masa ido idan yana duban ta, sai ya lura cewa wani gilashin yana rage haske amma zafi na ratsa shi, wani kuma yana tare zafi ya bar haske. Ya tambayi kansa ko kowane launi da nasa rabon zafin.

Ya sa gilashi mai kusurwa uku a taga, hasken rana ya rabu a kan tebur kamar bakan gizo, daga shunayya zuwa shuɗi, kore, rawaya, har ja. Ya kawo ma'aunan zafi uku, ya sa ɗaya a cikin launi, ya bar sauran a gefe domin su nuna zafin ɗakin.

Zafi ya riƙa ƙaruwa daga shunayya zuwa ja, har na ja ya ninka na shunayya fiye da sau uku. Wani zai tsaya nan, tunda launuka sun ƙare. Herschel ya tura ma'aunin gaba, ya wuce bakin jan, zuwa inda ido ba ya ganin komai. A nan ya sami zafin da ya fi na ko'ina.

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera a Isa ko Sabon Birni ya san wannan haske da fatarsa. Ƙarfen da aka ciro daga wuta yakan daina ja, ya koma baƙi, amma idan aka kusanto da fuska ana jin hucinsa. Hasken bai ƙare ba, ya dai koma wani launi da ido ba shi da rabo a ciki. Shi ne ake kira infirared, wato hasken da ke ƙasa da ja, kuma da shi ne rimot ke ba talabijin umarni.

A cikin 1800 Herschel ya aika wa ƙungiyar masana ta Royal Society takardu huɗu a kan wannan batu. Ya nuna cewa madubi na mayar da waɗannan ɓoyayyun haskoki, gilashi kuma na karkatar da su, kamar dai yadda suke yi wa hasken da ake gani.

Inda ya yi tuntuɓe

Abin mamaki, shi da kansa ya ja da baya. A farko ya karkata ga cewa zafin da hasken abu ɗaya ne. Bayan ƙarin gwaje-gwaje masu yawa da gilasai iri-iri, sai ya yanke cewa jinsinsu daban ne. Sai bayan rasuwarsa, da ayyukan masana irin su Macedonio Melloni na Italiya, aka tabbatar cewa zatonsa na farko shi ne daidai.

Ba wannan kaɗai ne kuskurensa ba. Ya yi imani cewa a ƙarƙashin gajimare mai haske rana tana da doro mai sanyi, har da halittu a kanta. Taswirar da ya zana a 1785 ta gungun taurarin da muke ciki ta dogara ne a kan zaton cewa madubinsa na kaiwa ƙarshen gungun, zaton da daga baya ya janye. Katafaren madubinsa mai tsawon ƙafa 40, wanda aka gama a 1789 da fam 4,000 na sarki, ya yi nauyin sarrafawa, kuma yawancin aikinsa na ƙwarai da ƙaramin ya yi shi.

Ra'ayoyinsa da dama sun faɗi, amma abin da ya auna ya rubuta ya tsaya, domin kowa na iya komawa wurin ya duba.

A 1788 ya auri wata bazawara, Mary Pitt, suka haifi ɗa guda, John, a 1792. Auren ya sa Caroline ta bar gidan, ko da yake ta ci gaba da zuwa aiki. Herschel ya zama shugaban farko na ƙungiyar masana taurari ta Landan, ya kuma rasu a Slough ranar 25 ga watan Agusta na 1822, yana da shekara 83.

Caroline ta koma Hanover, ta sake tsara dukkan jerin nasu, aikin da ya sa aka ba ta lambar zinariya a 1828. Ta rasu a 1848 tana da shekara 97. John ya kai madubin Afirka ta Kudu a 1834 ya share saman kudu, kuma a kan aikin iyalin aka gina babban jerin 1888 mai abubuwa 7,840, wanda har yanzu ake kiran gajimaren sama da lambobinsa.

Gādon da ya bari

An daɗe kafin a haɗa ayyukansa guda biyu, wato jerin taurari da ɓoyayyen haske. Tururin ruwa da ke cikin iska yana shanye yawancin wannan haske kafin ya iso ƙasa, ita ma na'urar aunawa, matuƙar tana da ɗumi, tana fitar da nata hasken da ke rufe na taurari. Dole a hau tsauni ko a fita sararin samaniya, a kuma sanyaya na'urar matuƙa.

A 1969 Gerry Neugebauer da Robert Leighton na Amurka suka wallafa jerin abubuwa kimanin 5,600. A 1983 tauraron ɗan Adam na IRAS, haɗin gwiwar Amurka da Birtaniya da Holan, ya yi wata goma yana aiki, ya share kashi 96 cikin 100 na sama, ya bar jeri mai abubuwa kusan 250,000. Binciken 2MASS, wanda aka gudanar daga Amurka da Chile tsakanin 1997 da 2001, ya kai adadin sama da miliyan 470.

Amfanin wannan haske shi ne yana ratsa ƙura. Kamar yadda rana ke yin ja gab da magariba saboda iska ta watsar da shuɗin haskenta ta bar jan ya wuce, haka hasken da ke ƙasa da ja ke keta ƙurar sararin samaniya. Da shi ake ganin inda ake haihuwar sababbin taurari, da tsakiyar gungunmu, da abubuwa masu sanyi da ba su da hasken da ido zai kama.

A watan Mayu na 2009 hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba wani madubi mai faɗin mita 3.5 domin duban wannan haske, ta kuma raɗa masa sunan Herschel. Ya yi aiki har watan Afrilu na 2013, lokacin da sinadarin da ke sanyaya shi ya ƙare.

A kowane layi na waɗannan manyan jerin, abu biyu ne kan gaba: ina abin yake, kuma yaya ƙarfin haskensa. Su ne abubuwan da William ke faɗa daga bisa tsani, Caroline na rubutawa a bakin taga.