Cicely Saunders: Nas ɗin da ta ƙi yarda a jira ciwo ya dawo kafin a ba da magani

Da yawa daga cikinmu a nan Birtaniya aikin jinya ko kula da tsofaffi muke yi, amma ban cika jin sunan Cicely Saunders a bakinmu ba. Alhali kuwa duk nas ɗin da ta duba agogo ta kai wa mai ciwon daji maganin raɗaɗi tun bai fara nishi ba, sawun wannan matar take bi.

An haife ta ranar 22 ga Yuni, 1918, a Barnet da ke arewacin Landan. Tana karatu a Jami'ar Oxford Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai ta ajiye karatun ta shiga makarantar nas ta Asibitin St Thomas a 1940. Ta kammala a 1944, amma ciwon baya da ya daɗe yana cin ta ya raba ta da aikin. Ta koma ta zama jami'ar kula da walwalar marasa lafiya.

A wannan aikin ta haɗu da David Tasma, wani Bayahude ɗan ƙasar Polan da ciwon daji ya ci ƙarfinsa. Sun sha hira a kan irin wurin da ya kamata mutum ya ƙare kwanansa a ciki. Da ya mutu a 1948, ya bar mata fam 500 don a gina irin wannan wuri. Wani likitan tiyata, Norman Barrett, ya ba ta shawarar ta karanci likitanci, don a zamanin likitoci ba sa sauraron nas. Ta fara a 1951 tana da shekara 33, ta gama a 1957.

Daga 1958 ta shafe shekara bakwai tana bincike a St Joseph da ke Hackney, gidan jinyar waɗanda ake ganin ba za su tashi ba. A lokacin, al'adar asibitoci ita ce sai ciwo ya dawo, mara lafiya ya roƙa, sannan a yi masa allurar mofin, wai don gudun kada ya zama ɗan ƙwaya. Ita kuma ta riƙa ba da maganin ta baki duk bayan awa huɗu, daidai gwargwadon buƙatar kowa. Dalilinta a fili yake: wanda ke zaman jiran ciwo yana cikin fargaba, fargaba kuma ƙara ciwon take. Ta tattara bayanan marasa lafiya 1,100, ta naɗi muryoyin wasunsu suna bayyana abin da suke ji. Ta nuna cewa za a iya kwantar da raɗaɗi mutum yana cikin hayyacinsa, yana hira da iyalinsa.

Daga wannan sauraron ta fito da fahimtar da ta rubuta a 1964, cewa ciwo ba a jiki kaɗai yake ba. Akwai na zuciya, akwai na damuwar iyali da kuɗi, akwai na ruhi, kuma kowanne yana hura wa ɗan'uwansa wuta.

A 1967 ta buɗe St Christopher a Sydenham, kudancin Landan, inda aka haɗa jinya da koyarwa da bincike. A can ta mutu da ciwon daji ranar 14 ga Yuli, 2005, tana da shekara 87.

Sai dai a lura, tsarinta na mofin na masu ciwon daji ne da ya yi nisa. Ga mai amosanin gaɓɓai ko ciwon baya na shekara da shekaru, likitocin yau sun fi karkata ga motsa jiki da gashin ƙashi. Abin da masu irin wannan ciwo suka gada daga gare ta shi ne a saurare su.

A nan nake ganin darasinmu yake. Iyayenmu sun saba da haɗiye ciwo, likita ya tambaya a ce da sauƙi, alhali ba a runtsa ba daren jiya. Haƙuri ibada ne, amma neman magani bai ɓata shi ba. In kun raka Baba ko Inna asibiti, ku taimaka su faɗi inda ke ciwo, tun yaushe, da abin da ya hana su yi.