MICHAEL IMOUDU, LEBURAN RELUWE DA YA ZAMA MATAIMAKIN MALAM

Yaranmu da aka haifa nan Ikko yawancinsu ba su san Michael Imoudu ba, alhali iyayenmu masu loda goro a jirgin ƙasa sun san shi sarai, don ran da ya ce a ajiye aiki, to kaya sai su kwana a tasha.

Mutumin ƙasar Owan ne, cikin Jihar Edo ta yanzu, an haife shi a 1902. Da leburanci ya shiga reluwe, har ya zama shugaban ƙungiyar ma'aikatanta. Zamanin Yaƙin Hitila kaya suka yi tsada, albashi kuwa bai motsa ba, sai ya tasa Turawa gaba a kan kuɗin tsadar rayuwa. A 1943 suka kore shi, suka tsare shi, sai 1945 aka sako shi. Fitowarsa ke da wuya aka shiga yajin aikin gama-gari. Wasu shugabannin sun so a ɗaga, shi ya ƙi. Aka yi fiye da kwana 40 aiki a tsaye. Fatake sun ji jiki, don goro ba ya jiran sulhu, amma daga baya dole Turawa suka ƙara kuɗin.

A 1977 gwamnatin Obasanjo ta haramta masa shugabancin ƙungiyar ƙwadago. Ba a yi shekara biyu ba sai ga shi a PRP, mataimakin Malam Aminu Kano. Ku duba fa jama'a: dattijo ya haura shekara 70, ba Bahaushe ba, ga jam'iyyar Awolowo da ta Zik a ƙofar gidansa, amma ya zaɓi ta talakawa, wadda ƙarfinta yana can Kano da Kaduna.

Zaman bai ɗore ba. A 1980 jam'iyya ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo. Imoudu ya shugabanci ɓangaren gwamnoni, wato Abubakar Rimi da Balarabe Musa, hukumar zaɓe kuwa ta ce na Malam ta sani. Cikin dattawanmu akwai waɗanda har suka koma ga Allah ba su yafe masa wannan ba. Mu dai a ganinmu ba kujera ta kai shi ba, halin nan ne na 1945, ba ya son a sassauta. A shekarar ce kuma Rimi ya fara ba da hutun Ranar Ma'aikata a Kano, Tarayya ta bi sahu a 1981.

Ya rasu a 2005 yana da shekara fiye da 100. Cibiyar nazarin harkokin ƙwadago da ke Ilorin sunansa aka sa mata.