Marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa Da Mulkin Majalisa

A tarihin Nijeriya mutum ɗaya ne tak ya taɓa riƙe muƙamin Firayim Ministan Tarayya, watau Marigayi Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda hotonsa ke jikin takardar naira biyar. Yaran yanzu da suka buɗe ido suka tarar da Shugaban Ƙasa mai cikakken iko sukan ɗauka shi ma haka ya yi mulki. To, ba haka abin yake ba. A zamaninsa iko na hannun Majalisar Wakilai ne, shi kuwa ɗaya ne daga cikin wakilan, kuma duk ran da mafi yawansu suka juya masa baya, a ranar zai sauka. Wanda bai san wannan ba, ba zai gane dalilin abubuwa da yawa da marigayin ya yi ba, a gida da waje.

An haifi Abubakar a garin Tafawa Ɓalewa cikin Lardin Bauci a shekarar 1912. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, ba ɗan sarauta ba ne. Ya yi karatun allo, ya yi makaranta a Bauci, sa'an nan ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ya fito a 1933 da takardar malanta. Ya koma Midil ta Bauci yana koyarwa har ya zama hedimasta. A farkon aikinsa ne ya rubuta littafin nan Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934. A Bauci ya zauna da su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano a wata ƙungiyar muhawara inda ake tattauna al'amuran ƙasa, kuma a can aka fara sanin iya maganarsa. A 1945 aka tura shi Jami'ar London ya yi shekara guda yana ƙaro ilmin koyarwa.

Da ya komo sai aka zaɓe shi ɗan Majalisar Jihar Arewa a 1946, daga nan ya wuce Majalisar Dokoki ta Ikko a 1947. Abin da ya fito da sunansa shi ne shawarar da ya kawo gaban Majalisar Arewa a watan Agusta 1950, cewa a binciki yadda ake gudanar da mulkin En'e, a gyara shi, a ba talaka bakin magana. A lokacin nan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne malamin makaranta ya miƙe ya taɓa wannan batu. Da Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC, ta zama jam'iyyar siyasa a 1951 yana cikin manyanta. Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga baya Ministan Sufuri, sa'an nan a 1957 aka naɗa shi Firayim Minista. Nan da nan ya kafa gwamnatin ƙasa baki ɗaya wadda ta haɗa NPC da NCNC da Action Group, don a tafi neman mulkin kai da baki ɗaya.

YADDA TSARIN YAKE

Irin tsarin da Nijeriya ta gada daga Ingila shi ne, jama'a ba sa jefa wa Firayim Minista ƙuri'a kai tsaye. Kowace mazaɓa takan zaɓi wakilinta, sa'an nan Gwamna Janar, ko Shugaban Ƙasa bayan 1963, ya kira wanda yake ganin mafi yawan wakilai za su bi, ya ce ya kafa gwamnati. Ministoci duka daga cikin Majalisa ake ɗaukarsu, a can suke zama su amsa tambayoyi, kuma ba a kashe ko sisin gwamnati sai Majalisa ta amince da kasafin kuɗi. Jam'iyyar da ta rasa gwamnati takan zauna a ɗaya ɓangaren zauren, shugabanta yana da muƙami sananne na Shugaban 'Yan Hamayya.

A zaɓen Disamba 1959 kujeru 312 ne a Majalisar Wakilai: Arewa 174, Gabas 73, Yamma 62, Ikko 3. Mai son kafa gwamnati sai ya sami 157. NPC ta ci 134, NCNC da abokiyarta NEPU suka ci 89, Action Group da magoya bayanta 73, sauran 16 na ƙananan jam'iyyu da 'yan ba-ruwanmu. Babu wanda ya kai. Saboda haka NPC ta haɗa kai da NCNC, Abubakar ya ci gaba da zama Firayim Minista, Dokta Nnamdi Azikiwe ya zama Shugaban Majalisar Dattawa, daga baya Gwamna Janar, Cif Obafemi Awolowo kuwa ya zama Shugaban 'Yan Hamayya. Kuɗin ƙasa yana hannun ɗan NCNC, Cif Festus Okotie-Eboh, tsaro kuma ya koma hannun ɗan NPC, Alhaji Muhammadu Ribaɗu.

Akwai wani ƙarin nauyi a kansa. A Ingila Firayim Minista shi ne shugaban jam'iyyarsa, amma Abubakar mataimaki ne a NPC. Shugaban jam'iyya, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, ya zaɓi ya zauna Kaduna a matsayin Firimiyan Arewa. Ke nan kowace babbar shawara sai ya duba abin da Kaduna za ta ce, da abin da abokan gwamnati na Inugu za su yarda da shi, da kuma yadda 'yan hamayya za su ɗauke ta a zauren Majalisa.

HARKOKIN WAJE

Bayan samun mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960, shi da kansa ya riƙe ma'aikatar harkokin waje, ya je ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya da aka karɓi Nijeriya a matsayin ƙasa ta 99, kafin ya danƙa ma'aikatar ga Jaja Wachuku na NCNC a 1961. Yadda yake zuba Turanci a natse ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya.

Maganar yarjejeniyar tsaro da Ingila ita ce ta fi nuna ƙarfin Majalisa da na jama'a. Yarjejeniyar ta tanadi Ingila ta horar da sojan Nijeriya, a bar jiragen yaƙinta su riƙa ratsa sararin ƙasar suna sauka. Gwamnati tana da rinjaye, Majalisa ta amince da ita a watan Nuwamba 1960. Amma Action Group ta tsaya a kan cewa wannan mulkin mallaka ne ya komo ta bayan gida, ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Ibadan suka yi tattaki zuwa Ikko suka kutsa harabar Majalisa, kuma a cikin NCNC ma akwai masu gunaguni. Da Firayim Minista ya ga abin zai iya tsaga gwamnatinsa, sai aka soke yarjejeniyar a watan Janairu 1962.

Haka kuma batun Isra'ila. Gwamnatocin Gabas da Yamma suna hulɗar kasuwanci da aikin gona da ita, Sardauna kuwa ya ce Arewa ba ta bukatar taimakonta. Abubakar ya bi tsakiya: Gwamnatin Tarayya ta karɓi rance daga Isra'ila, ta bar ta ta buɗe ofishin jakadanci a Ikko, amma Nijeriya ba ta buɗe nata a can ba. Inda duk jam'iyyu suka yarda kuwa, bai yi nawa ba. Ya tura soja da 'yan sanda Kwango a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1960. Ya kori jakadan Faransa a Janairu 1961 saboda gwajin bam na atam da ta yi a Sahara. Yana cikin waɗanda suka matsa wa Afirka ta Kudu lamba kan wariyar launin fata har ta fice daga Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila a 1961, kuma da shi aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa a watan Mayu 1963.

AL'AMURAN CIKIN GIDA

A gida an fara shirin raya ƙasa na shekara shida a 1962, an kai hanyar jirgin ƙasa Maiduguri ta Bauci da Gwambe a 1964, an kuma soma ginin madatsar ruwa ta Kainji. Amma tun da yawan kujeru shi ne iko, sai kowa ya sa ido a kan abin da zai ƙara masa kujera ko ya rage wa abokin gaba.

A watan Mayu 1962 Action Group ta rabu biyu tsakanin Awolowo da Cif Samuel Akintola, Firimiyan Yamma. Gwamnan Jihar ya sauke Akintola bisa wata takarda da mafi yawan wakilai suka sa wa hannu, ba tare da an jefa ƙuri'a a zauren ba. Da Majalisar Yamma ta zauna sai aka ba hammata iska, har aka karya sandar Majalisa. Firayim Minista ya kira Majalisar Tarayya, ta kafa dokar ta-ɓaci, aka naɗa Dokta Moses Majekodunmi kantoma. Daga baya aka mayar da Akintola, a 1963 kuma aka ɗaure Awolowo shekara goma bisa laifin cin amanar ƙasa, aka yanke sabuwar Jihar Yamma ta Tsakiya daga cikin Yamma. 'Yan hamayya da yawa suka yi ta sauya sheƙa zuwa ɓangaren gwamnati. Har yau akwai masu ganin marigayin ya yi garaje wajen sa dokar ta-ɓaci, domin tsarin majalisa ba ya tafiya daidai in babu hamayya mai ƙarfi.

Sa'an nan ga rigimar ƙidaya, wadda da ita ake raba kujeru. An soke ta 1962, aka sake wata a 1963 wadda ta ba da mutum miliyan 55 da ɗoriya, fiye da rabi a Arewa. Gwamnatin Gabas ta ƙi yarda, auren NPC da NCNC ya mutu. A zaɓen 30 ga Disamba 1964 NPC ta haɗu da jam'iyyar Akintola a ƙawancen NNA, NCNC da Action Group da NEPU suka kafa UPGA, wadda ta ƙaurace wa zaɓen a wurare da yawa bisa zargin maguɗi. Shugaban Ƙasa Azikiwe ya yi kwanaki bai kira kowa ya kafa gwamnati ba, ƙasa ta tsaya cik, sai da manyan alƙalai suka shiga tsakani. Ran 4 ga Janairu 1965 ya kira Abubakar, shi kuma ya sake shigo da 'yan NCNC cikin gwamnati.

Zaɓen Jihar Yamma na Oktoba 1965 shi ya ƙarasa lalata al'amura. Aka yi ta ƙone-ƙone da kashe-kashe, mutane suna kira da a sa dokar ta-ɓaci kamar ta 1962, amma wannan karon Akintola abokin ƙawance ne, Firayim Minista bai yi ba.

ƘARSHENSA

A watan Janairu 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin Ƙasashe Renon Ingila a Ikko kan tawayen Turawan Rodeshiya, karo na farko da aka yi irin wannan taro a wajen London. Kwana kaɗan bayan watsewar taron, a daren 15 ga Janairu, cikin watan azumi, wasu hafsoshin soja suka ɗauke shi daga gidansa. A wannan dare aka kashe Sardauna a Kaduna, da Akintola a Ibadan. Bayan kwana shida aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Ikko zuwa Abekuta, aka kai shi Bauci aka yi masa sutura. Yana da shekara 53, kuma waɗanda suka san shi sun shaida bai bar wata dukiyar kirki ba.

Da soja suka zo mayar da mulki a 1979, masu tsara sabon tsarin mulki suka ajiye na majalisa suka ɗauko irin na Amurka, inda jama'a ke zaɓen Shugaban Ƙasa kai tsaye, kuma dole ya sami ƙuri'u a sassan ƙasa da dama. Wasu sun ce tsarin da ne bai dace da mu ba, wasu kuma sun ce laifin na 'yan siyasa ne da suka ƙi bin ƙa'idojinsa, kuma har yanzu akan ta da wannan muhawara. Kabarin marigayin yana nan a Bauci ana ziyartarsa, jami'ar tarayya da ke garin da babban dandalin Ikko inda aka ɗaga tutar Nijeriya suna ɗauke da sunansa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.