Muhammadu Ali, Ɗan Barno a Amurka

Yawancin baƙaƙen mutanen Amurka jikokin bayi ne da aka kwasa daga Afirka, da wuya a sami wanda ya san garin kakansa na fari. Amma akwai wani Babarbare da ya zauna cikinsu wanda asalinsa bai ɓace ba. Sunansa na yanka Muhammadu Ali, Amurkawa kuwa sun san shi da Nicholas Said.

An haife shi a Kukawa wajen shekarar 1836. Ubansa shi ne Kacalla Barka Gana, babban mayaƙin Shehu Laminu, uwarsa kuwa mutuniyar Mandara ce. Ran nan yana yaro ya fita farauta da abokansa, sai Buzaye suka fāɗa musu, suka ɗaure su. Aka kawo shi Katsina, birnin nan da ke gabas da Zurmi, aka sayar da shi. Daga nan aka bi da shi ta Damagaram, aka ƙetare hamada da shi cikin ƙishirwa da zafin rairayi, har Tarabulus.

Ya yi ta fita daga hannun wannan ubangiji zuwa na wancan. Ya je Makka tare da ɗayansu, sa'an nan aka kai shi Istambul. A 1853 wani jakadan Rasha ya tafi da shi ƙasarsu, inda ya fita daga bauta, ya zama baran wani ɗan sarauta. Wannan uban gida ne ya matsa masa ya shiga addinin Kirista, aka sa masa suna Nicholas. Suka zaga ƙasashen Turai tare. Yaron kuwa yana da kaifin ƙwaƙwalwa ƙwarai, duk inda suka sauka sai ya kama harshen wurin. Ban da Barbarci, ya iya Larabci da Turkanci da Rashanci da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci da Ingilishi.

Kullum zuciyarsa tana Barno. Har ya yi shirin komowa gida, sai wani Bature ya ɗauke shi aiki, suka ƙetare teku zuwa Amurka a 1860. Mutumin nan bai yi masa halacci ba. Ya ranci kuɗinsa, ya gudu ya bar shi a Kanada hannu wofi. Muhammadu Ali ya lallaɓa zuwa birnin Detroit, ya shiga koyar da Faransanci don ya sami abin sawa a baka.

A lokacin nan Arewacin Amurka da Kudanci suna yaƙi da juna a kan maganar bauta. A 1863 ya shiga rundunar baƙaƙen sojoji ta 55 ta jihar Massachusetts, a ɓangaren masu son a 'yanta bayi, har ya sami muƙamin saje. Ba wanda ya tilasta masa, amma shi ya san ɗacin igiya a wuya. Da aka gama yaƙi a 1865 bai koma Arewa ba. Ya zauna a Kudu, yana bi gari gari yana koya wa 'ya'yan 'yantattun bayi karatu da rubutu.

A 1873 aka buga littafin tarihinsa a birnin Memphis. Abin mamaki, ko kaɗan bai ambaci aikin sojan da ya yi ba, ga shi kuwa yana zaune cikin mutanen da aka ci da yaƙi. Sai daga baya masu bincike suka tono sunansa cikin takardun rundunar. Sunan ubansa kuwa da ya rubuta, suka same shi cikin littafin wani Baturen Ingila, Manjo Denham, wanda ya bi Barka Gana zuwa Mandara a 1823, tun ba a haifi Muhammadu Ali ba.