Labarin Luwi Burel, Makahon Da Ya Buɗe Wa Makafi Hanyar Karatu

Ya kai mai karatu, ka saba ganin makafi a kasuwar Gusau da ta Tsafe da ta Bungudu, yaro yana jan sanda a gaba, su kuwa suna biye suna bara. Wataƙila ka kan jefa musu sadaka ka wuce, kana tsammani iyakar abin da ya wajaba a kanka ke nan. Ka saurari labarin wani makaho na ƙasar Faransa, domin ka ga abin da makaho ya iya yi sa'ad da aka ba shi wuri a cikin mutane.

Sunansa Luwi Burel, Turawa kuwa suna rubuta shi Louis Braille. Aka haife shi ran 4 ga Janairu 1809 a wani ƙauye da ake kira Coupvray, gabas da birnin Paris. Ubansa baduku ne, mai ɗinkin sirdi da linzami, Luwi kuwa shi ne auta cikin 'ya'ya huɗu. Yana da shekara uku ya shiga ɗakin aikin ubansa, ya ɗauki basilla yana wasa da fata, sai ta kuɓuce ta soke shi a ido. Ciwon ya kama ɗayan idon kuma, kafin ya cika shekara biyar ba ya ganin kome.

A zamanin nan makafin Faransa bara suke yi kamar namu. Amma iyayen Luwi ba su yarda su sa shi a wannan hanya ba, ba su kuwa ɓoye shi a ɗaka ba. Ubansa ya sassaƙa masa sanda, ya koyi bin hanyoyin ƙauyen shi kaɗai. Limamin cocin garin, Palluy, ya ga yaron yana da kaifin hankali, ya fara koya masa, ya kuma roƙi malamin makaranta ya karɓe shi tare da yara masu gani. Luwi ya zauna a cikinsu yana koyo da kunne, gama ba littafin da zai iya karantawa.

A shekarar 1819, yana ɗan shekara goma, aka samo masa wuri a makarantar yara makafi ta Paris. Wani mutum mai tausayi, Valentin Hauy, shi ya kafa ta, daga baya hukumar ƙasar ta ɗauki nauyinta. Taimakon hukuma kuwa bai kai yadda ya kamata ba. Ginin tsoho ne mai laima, abinci kaɗan, littattafai ma kaɗan. An buga su da manyan haruffa masu tudu, yaro ya bi kowane harafi da yatsa. Kafin ya kai ƙarshen layi ya manta farkonsa. Rubutu kuwa da hannunsa, ba hali.

A shekarar 1821 aka kawo wa makarantar dabarar wani tsohon hafsan soja, Barbier, ta yin rubutu da ɗigo masu tudu a bisa takarda mai kauri. Yaran suka gane ɗigo ya fi layi sauƙin ji a yatsa. Sai dai alamar Barbier takan kai ɗigo goma sha biyu, ta fi ƙarfin kan yatsa, kuma sautin magana take nunawa maimakon haruffa. Luwi ya ɗauki wannan abu ya yi ta gyarawa dare da rana, har lokacin hutu a gida. A shekarar 1824, yana ɗan shekara goma sha biyar, ya gama. Ya mai da ɗigon shida kaɗai, uku a hagu uku a dama, daidai abin da kan yatsa zai rufe gaba ɗaya. Daga ɗigo shidan nan ana samun alama iri 63, sun isa haruffa da lissafi har da alamun kiɗa. Da ɗan tsinken ƙarfe mai kama da basillar da ta makantar da shi, makaho ya iya rubuta wasiƙarsa, ya karanta abinsa, ba sai ya tona asirinsa ga mai ido ba.

A cikin shekarar nan ta 1824 wani Baturen Birtaniya, Clapperton, ya sauka Kano a zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Ya rubuta cewa ya tarar da unguwar makafi a cikin birnin, sarki yana ba su abin zaman gari, suna kuma bara. Ka ga ashe kakanninmu sun san makaho yana da hakki a kan hukuma, har yau ma akwai sarautar Sarkin Makafi a garuruwanmu. Abin da Luwi ya ƙara a kan ciyarwa shi ne ilimi, wanda da shi mutum yake ciyar da kansa.

Luwi ya zama malami a makarantar da ta rene shi, yana koyar da tarihi da lissafi da kiɗa, yana kuma kaɗa babban molon iska a coci-cocin Paris. Ya buga littafin dabararsa a 1829, ya sake gyara shi a 1837. Amma malamai masu gani ba su so ta ba, gama ba su iya karanta ta. Sabon shugaban da ya zo a 1840 ya hana yin aiki da ita. Yaran fa ba su bari ba, suka dinga koya wa juna a ɓoye, har dole aka janye hanin. Cikin dukan wannan Luwi bai yi husuma da kowa ba, ya ci gaba da aikinsa.

Tarin fuka ya daɗe yana cinsa. Albashinsa kaɗan ne, duk da haka yakan ranta wa almajiransa da abokansa. Ya rasu ran 6 ga Janairu 1852, yana da shekara 43. Aka tarar da akwati a cikin kayansa cike da takardun bashin da yake bin mutane, ya bar wasiyya a ƙone su. Sai a 1854, bayan shekara biyu da rasuwarsa, aka tabbatar da rubutunsa a makarantar bisa hukuma. A 1952 gwamnatin Faransa ta ɗauke ƙasusuwansa zuwa Pantheon, inda ake binne manyan ƙasar.

Rubutun nan ya iso gare mu. A 1953 aka buɗe makarantar yara makafi a Gindiri, a ƙasar Filato. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci. Ta ba su hakkin ilimi, ta kuma umarci ma'aikatun gwamnati su keɓe musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A 2020 aka kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa.

Doka dai tana kan takarda, ba za ta shiga gidan maƙwabcinka ta fito da yaro ba. Ka tuna hukumar Faransa ta yi jinkirin shekara talatin, amma uban Luwi da limamin ƙauyensu ba su jira kowa ba. Idan akwai makaho ko kurma ko gurgu a gidanku, kada ku ɗauke shi abin kunya, kada kuwa ku mai da shi hanyar samun kuɗi. Ka nemi makarantar da za ta karɓe shi, ka raka iyayensa ofishin ƙaramar hukuma su nemi hakkinsa, in an kore ku ku koma. Yaron da ido ke damunsa a kai shi asibiti da wuri, gama makanta da yawa ana iya tare ta. A wurin taro kuwa ka zaunar da makaho kusa da kai, ka kira shi da sunansa, ka nemi shawararsa kamar ta kowa. Wanda ya yi haka ya yi abin da Ubangiji ke so ga maƙwabci.