Marubucin Da Wasiƙu Suka Riƙe Zumuncin Gidansu

Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in ba 'yan'uwana manoma da 'yan tireda tarihin wani Bature marubuci, Robert Louis Stevenson, mai littafin Treasure Island na 1883. Ba littattafansa suka dame ni ba, yadda ya ƙare da iyayensa shi ne abin dubawa.

An haife shi a Edinbura ta ƙasar Sikotilan a 1850, kuma shi kaɗai iyayensa suka haifa. Sana'ar gidansu ita ce gina hasumiyar fitila a bakin teku don jiragen ruwa su ga hanya da dare. Kakansa ya yi, ubansa Thomas ya gada. Yaro ya ce shi rubutu zai yi. Aka lallaɓa shi ya karanta aikin lauya, ya gama a 1875, amma bai riƙe shi sana'a ba. Tun a 1873 ma sun yi mummunan saɓani da uban a kan addini.

Babbar magana ta zo a 1879. Bai sallami iyayensa ba ya hau jirgin ruwa zuwa Amurka, ya bi wata mata mai suna Fanny wadda ta girme shi da shekara 10, ga 'ya'ya biyu, kuma a lokacin aurenta bai mutu ba tukuna. A Kalifoniya kuɗi suka ƙare, ciwon ƙirji da yake fama da shi tun yana yaro ya taso, saura kaɗan ya mutu.

To jama'a, a nan ne na jinjina wa dattijon nan. Wani uban cewa zai yi ya yafe shi, kada a sake ambatar sunansa a gidan. Shi kuwa da labari ya iso masa, sai ya buga masa tangaraho a 1880 cewa zai riƙa ba shi fam 250 duk shekara. Aka ɗaura aure a watan Mayu, suka dawo gida, tsoho ya ga surukarsa ta kwanta masa a rai, har daga baya ya saya mata gida a Ingila. Ni dai ban ce yaron ya kyauta ba, sam. Amma da uban ya rufe ƙofa, da wuya ya kai ga rubuta littattafan da aka san shi da su.

Uban ya rasu a 1887. Uwar, Margaret, tana dab da shekara 60, ta tattara ta bi ɗanta Amurka, daga nan suka shiga tekun Fasifik a 1888, daga baya ta zauna da su a tsibirin Samowa inda ya sayi gona. Duk inda suka sauka sai ta rubuta wa yayarta Jane wasiƙa zuwa gida: abin da aka ci, halin mutanen wurin, jikin Louis yau da sauƙi ko babu. An tara wasiƙun an buga su littafi biyu, a 1903 da 1906.

A cikinsu akwai wadda ta ba da labarin rasuwarsa ranar 3 ga Disamba 1894, yana da shekara 44, bayan jijiya ta fashe masa a ƙwaƙwalwa. Mutanen Samowa suka sare hanya cikin daji suka kai gawarsa kan dutsen Vaea suka binne. Uwar ta koma Edinbura wajen yayarta, ta rasu a 1897.

 

Naka,
Wani manomi mai karanta jaridarka, daga Gumel.