Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa da Jiragen Ruwan Ikko

Tsofaffin 'yan Arewa da suka yi dako a tashar Apapa ba su manta da jiragen fasinja na kamfanin Elder Dempster ba, wato Accra da Apapa da Aureol. Su ne ke kwasar mutane daga Ikko zuwa Libaful ta ƙasar Ingila, tafiyar kamar mako biyu. A cikinsu in dare ya yi sai a saki kiɗa, manyan fasinjoji su shiga rawar Turawa, mace da namiji riƙe da juna. Jiragen duk na Turawa ne. To, mutumin da ya shugabanci ƙasa har Nijeriya ta mallaki nata jiragen, ɗan Bauchi ne, inda babu teku ko kusa.

An haifi Malam Abubakar a 1912 a garin Tafawa Ɓalewa. Ya yi karatu a Bauchi, ya wuce Kwalejin Katsina a 1928, ya gama a 1933, sa'an nan ya komo Midil ta Bauchi yana koyarwa har ya zama hedimasta. Littafinsa Shaihu Umar ya fito a 1934. A 1945 aka tura shi Landan ƙaro ilmin koyarwa.

Da ya dawo sai siyasa ta ɗauke shi. A 1952 ya zama Ministan Ayyuka a Ikko, daga baya aka ba shi Ma'aikatar Zirga-zirga. A zamaninsa ne Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta fara aiki a 1955. A shekarar kuma ya tafi Amurka don ya ga yadda ake jigilar kaya a kogin Misisifi, ko a yi haka a Kwara da Binuwai. Dalilinsa a fili yake: gyaɗa da auduga da fatun Arewa ba su da amfani ga manomi sai sun isa bakin teku da sauƙi.

Ya zama Firayim Minista a 1957. A 1959 aka kafa kamfanin jiragen ruwa na Nijeriya, a 1961 gwamnati ta saye rabon Turawan da ke ciki. A shekarar ne kuma hanyar jirgin ƙasa ta isa Bauchi, ta kai Maiduguri a 1964.

Ran 1 ga Oktoba, 1960, shi ya karɓi takardun mulkin kai daga hannun Gimbiya Alexandra a filin sukuwa na Ikko, wanda yanzu ke ɗauke da sunansa. Amma duk shagulgulan Ikko ba su canja shi ba. In ya sami hutu, gida Bauchi yake nufa, wurin gonarsa.

Sojoji suka kama shi ran 15 ga Janairu, 1966. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanya bayan garin Ikko, aka kai Bauchi aka binne. Aureol ya daina zuwa Ikko a 1974, kamfanin Nijeriya kuwa aka rushe shi a 1995 saboda bashi da rashin riƙo.

Malam Abubakar shi ma baƙo ne a Kudu, ya zo neman yi wa ƙasa aiki, bai tara dukiya ba, bai kuwa manta da gida ba. Allah ya jiƙansa, amin.